Goma Sha Shida a Minti Ɗaya

Litinin, bayan sha biyun dare

A bayan littafin da nake shirya darasin lissafi nake wannan rubutu, a kan benci, da hasken waya.

Bayan isha'i ƙanwata ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gidanmu a Kwamba, cikin Suleja, inda ta zo goyon ciki wajen Inna. Cikin fari ne, wata tara bai cika ba. Ta sandare, idanu suka juye, haƙora suka datse harshe har jini ya fito. Inna tana salati tana laluben turaren hayaƙi, maƙwabciyarmu ta rugo da cokali za ta cusa mata a baki. Ni kuwa titi na fita, ko mayafi babu, na tare mai keke.

Sistar da ta karɓe mu ba ta ɓata lokaci ba. "Jijjiga ce. Ku juya ta gefen hagu. Kada wanda ya sake sa mata komai a baki." Ta ɗaura mata abin awon jini: 180 bisa 120. Ta fasa kwalaben allura, amma kafin ta zuƙa sai da ta ɗaga ɗaya saitin fitila, ta karanta wa abokiyar aikinta sunan da ƙarfi, ita ma ta karɓa ta duba ta maimaita. Raina ya ɓaci. Yarinya na mutuwa, su suna karatu! Magnesiyam salfet sunan maganin. Giram 4 ta jijiya, a hankali, idon Sista na kan agogon bango. Sannan giram 5 a kowane ɗuwawu. Ta rubuta 9:30 a fayil, ta sa hannu.

Sai ta juyo. "Me kuka ba ta a gida?"

Muka ce ba komai. Muryata ta fi ta kowa ƙarfi.

Su biyu ne a kan aikin dare, gadaje kuwa sun haura ashirin. Da ta ji ni malamar lissafi ce, ta ce, "Madalla, Anti, na samu ma'aikaciya." Ta nuna mini yadda zan zuba ido a ƙirjin ƙanwata, tashi da sauka ɗaya ke nan, in ƙirga na minti guda cur, ba rabin minti in ninka ba. In ya gaza 16, in kira ta ko me take yi. Ta nuna mini jakar da robar fitsari ke zuba a ciki, mai layi-layi kamar mudun awo. Ta ce ta ƙoda kaɗai wannan magani yake fita. In fitsari ya ragu, magani ya taru a jini ke nan, kuma in ya taru, gwiwa ce take fara mutuwa, sai numfashi, sai zuciya. Shi ya sa kafin kowace allura za ta bugi ƙasan ƙoƙon gwiwa da 'yar gudumar roba, ta ga ko ƙafa za ta harba. Ta manna wata kwalba da filasta a jikin ƙarfen gado, kalsiyam gulukonet, makarinsa. Ta ce, "Wannan ba ma fatan buɗe ta, amma ba ma son a tafi nemanta."

Na ƙirga yanzu. 19.

Talata, da hantsi

Ta sauka ƙarfe 6:40, bayan an sa mata ruwan naƙuda. Namiji, kilo 2.3, kukansa kamar na ɗan akuya. Alhamdu lillahi.

Wani ƙaramin abu da na lura da shi: allurar da aka yi mata bayan haihuwa don mahaifa ta tsuke, oksitosin, daga cikin kula mai ƙanƙara aka ɗauko ta, don tun tsakar dare aka ɗauke wuta. Ungozomar ta ce zafi yana kashe ta, kwalba na nan garau amma ruwan ciki ya zama ruwan banza. Na duba a waya. Wani bincike da aka yi da haɗin gwiwar NAFDAC a 2016 ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na allurar oksitosin da aka ɗebo daga sassan ƙasar nan ba su cika ma'auni ba. A zafin Afrilu na Suleja, wanda ko kwalta narkewa take a hanyar Madalla, ban yi mamaki ba.

Inna ta fara naɗe tabarma. "Ta haihu lafiya, me ya rage? Mu tafi a ɗora ruwan wanka." Sistar safe ta ce, "Mama, ki shimfiɗa tabarmarki. Allurar magnesiyam ɗin nan sai ta yi awa 24 bayan haihuwa, duk bayan awa huɗu. Jijjiga takan dawo wa mai jego." Inna ta zauna tana gunaguni, wai su a zamaninsu a bayan ɗaki suke haihuwa. Ban tuna mata da ƙanwarta da ta rasu a haihuwar fari ba, wadda har yau ake cewa iska ce ta taɓa ta.

Allurar tana da zafi, ko da yake suna haɗa ta da ɗan maganin kashe zafi. Ƙanwata ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ki ce su bari haka." Na ce mata saura kaɗan. Ƙarya nake, saura biyar.

Da likita ya zo zagaye na tambaye shi ko babu wani magani mai sauƙi. Ya ce a da dayazafam ake ba su, mace ta yi ta barci, jijjiga ta yi ta dawowa. Ya ce a 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a kan mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, aka ga magnesiyam yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. A Kano kuma, da aka shigar da shi asibitocin gwamnati goma a 2008 aka horar da ma'aikata, mace-macen masu wannan ciwo ya sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa kamar 2. Magani ne mai araha, in ji shi, abin da ya daɗe yana hana amfani da shi tsoro ne, don kowa ya san yana iya tsayar da numfashi idan babu mai lura. Watau maganin bai cika magani ba sai da mai ƙirga.

Talata, dare

Hannuna rawa yake, amma zan rubuta.

Ƙarfe 9:30 lokacin allura ya yi. Sistar jiya ce ta dawo. Ta durƙusa ta haska jakar fitsari da tocila, ta daɗe. Na ce, "Sista, ai da ɗan dama." Ta ce ido ba mudu ba ne, nan kuma kimar ido ba ta isa ba. Ta juye a kofin awo. Mililita 60 cikin awa huɗu, alhali ana son ya kai 30 a kowace awa. Ta bi robar da hannu ko ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya. Ba ta lanƙwashe ba. Ta bugi gwiwa, ƙafar ta ɗan motsa kamar mai jin nauyi. Numfashi 16 daidai, a bakin gaɓa. Allurar na hannunta, an riga an zuƙa. Ta ajiye ta, ta rubuta cewa ba a yi ba da dalilin ƙin yi, ta aika a kira likita.

Mijin ƙanwata, da ya taso daga Gwagwalada tun la'asar, ya tashi hankalinsa. Lokacin allura ya yi an ƙi yi, fitsari ya ƙafe an ƙi ƙara ruwa, to me ake jira? Ya ce ko leda nawa ce zai saya. Mu dai a wajenmu ƙarin ruwa shi ne alamar ana kula da mutum. Likita ya ce, "Malam, jijiyoyinta yoyo suke. In na ɗura mata ruwa, huhu zai tafi." Sannan ya sake yin tambayar jiya, a hankali, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ban da abin da ke cikin fayil ɗin nan, me ta sha?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe jaka na fito da katin diklofenak. Kwana uku kafin ta faɗi tana kukan ciwon kai, tana cewa wasu taurari na gilma mata a ido, ƙafa ta kumbura har silifa ba ya shiga. Ni na je kemis na sayo, safe da yamma nake ba ta. Na ce gajiyar ciki ce. Awo ma sau biyu ta tsallake saboda layi, ban matsa mata ba. Yau da azahar kuma, da ta dame ni da ciwon mara, na ɓallo ɗaya na ba ta a ɓoye, don kada in dami Sista.

Na jira faɗa. Babu wanda ya yi. Likita ya ce ita kanta jijjigar tana taɓa ƙoda, irin wannan ƙwaya kuma tana ƙara mata kaya, ciwon kan nan da na yi ta dannewa kuwa shi ne ƙararrawar. Sista ta karɓi katin, ta ƙirga guraben da aka ɓalle, ta rubuta suna da adadi da lokaci. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da kin faɗa jiya, da na san abin da nake nema." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, asuba

1:30, fitsari mililita 130. Gwiwa ta harba har ta kusa samun Sista a haɓa. Numfashi 18. An yi allura. 5:30 an yi ta ƙarshe. Kwalbar makari na nan manne da filastarta.

Ban taɓa zaton zan yi wa Allah godiya a kan fitsari ba.

Laraba, la'asar

A gado na uku daga namu akwai wata baiwar Allah daga wajen Maje, sunansu ɗaya da ƙanwata, har sunan uba. A ƙasar Hausa wannan ba abin mamaki ba ne, a ajina ma akwai uku masu suna ɗaya, sai da lamba nake rarrabe su. Ita jini ta zubar bayan haihuwa, awonta ƙasa yake, har ana neman masu ba ta jini.

Da rana wata ɗaliba mai koyon aiki ta shigo da faranti, ta kira suna. Ƙanwata na barci, waccan ta amsa. Yarinyar ta miƙa mata ƙwayar nifedifin, maganin saukar da hawan jini, ga ruwa a kofi. Babbar Sista na rubutu a tebur, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Lambar kati?" Ɗalibar ta duba fayil, ta duba katin da ke kan gado, ta tsaya cak. Ƙwayar tana tafin hannun matar.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake rubutawa. Babbar Sista ba ta yi mata tsawa a gabanmu ba. Ta ɗauko jan biro ta yi babban zane a bangon fayil ɗin biyu, ta sa aka mayar da matar can ƙarshen ɗaki, ta kuma rubuta abin da ya faru a littafin rahoto, duk da ba a sha ba. Da na tambaye ta me ya sa za ta rubuta abin da bai faru ba, ta ce na yau bai faru ba, na gobe take tarewa, kuma in ta kunyata yarinyar, ran da ta yi kuskure na gaske ɓoyewa za ta yi.

Ta ba ni labarin da ta ce duk masu aikin jinya sun sani. A 2017, a wani babban asibiti a birnin Nashbil na Amurka, inda kwamfuta ke buɗe akwatin magani, wata ma'aikaciyar jinya ta danna haruffa biyu na farkon sunan maganin kwantar da hankali, ta ɗauko mai shanye jiki da sunansa ya fara da haruffan nan, majinyaciyar ta mutu. Ita da kanta ta kai rahoton kuskurenta. A 2022 kotu ta same ta da laifi, ma'aikatan jinya suka yi ta zanga-zanga suna cewa daga yau wa zai sake faɗin gaskiya. Ban san inda zan tsaya a wannan shari'a ba, rai ne ya salwanta. Amma ni da na ɓoye katin ƙwaya kwana guda cur saboda kunya, bakina bai da ƙarfin yanke wa kowa hukunci.

Alhamis

Yau rigimar kunu.

Gwaggo ta iso daga Rafin Sanyi da fulas biyu na kunun kanwa, mai kauri, kanwar har ɗaci take. Ta ce mai jego ba ta ƙarfi sai da shi, shi ke kawo nono, shi ke kore sanyi. Inna ta zuba a kofi. Ni da jiya-jiya aka gama da ni a kan ba da abu a ɓoye, na ce a tsaya a tambaya. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da ba ki taɓa haihuwa ba?" Na haɗiye.

Sistar da ke aiki Bagwariya ce, Hausarta ta fi tawa karin magana. Ta gaishe da Gwaggo har ƙasa, ta karɓi kofin ta shinshina, ta yaba hannun da ya dama. Sannan ta ce, "Mama, in an ce mai hawan jini ya rage gishiri, kin yarda?" Gwaggo ta ce wannan kowa ya sani. "To kanwa yayar gishiri ce. Abin da ke cikin gishiri yake riƙe ruwa a jiki, yana cikinta. Muna ba ta ƙwaya tana saukar da jini, kunu na mayar da shi." Ta ce a dama na gero da tsamiya, ko na gyaɗa, ta sha iya cikinta.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta yadda ciwon zuciya ya yi yawa a tsakanin masu jego a Zariya da kewaye, suka danganta shi da kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma na kwana 40, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, musamman a watannin zafi. Mu kuwa mutanen Suleja daga Zazzau kakanninmu suka taso, da sarautarsu da al'adunsu, har da tukunyar wankan jego. Ba na cikin masu cewa a watsar da komai. Kwana arba'in da ake ɗauke wa mace aiki, a ciyar da ita, a gasa mata jiki, gata ne da matan birni da yawa ba sa samu. Amma ruwa mai ɗumi ma ruwa ne.

Gwaggo ta tafi da fulas ɗaya. Ɗayan ni da Inna muka shanye a waje, kada ya lalace.

Juma'a

Mun sa rai da sallama, jini ya sake hawa: 165 bisa 110. Likita ya ce haka yake yi, tsakanin kwana na uku da na shida bayan haihuwa yakan kai ƙololuwa. An ƙara magani, an koma awo duk bayan awa huɗu.

Yau na zauna na kalli yadda suke miƙa aiki. Gado-gado suke bi, mai tafiya tana faɗi, mai karɓa tana duba fayil, abin da aka ba da, abin da aka hana da dalili. A gadonmu na ji an ce, "'Yar'uwarta tana ƙirga numfashi, kuma ta daina ba da magani daga jaka." Suka yi dariya. Ni ma na yi, da ƙyar.

Sistar dare ta ce cikin waɗanda suka gama makaranta tare, wasu na Ingila, wasu na Saudiyya, da yawa kuma suna kwana a Suleja su yi sammako su bi ta gindin Dutsen Zuma zuwa asibitocin Abuja. A farkon 2024 hukumar da ke yi musu rajista ta ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Da aka kafa babban birnin tarayya a 1976 mun ba shi tsohon sunan garinmu, Abuja, yanzu kuma muna ba shi masu jinyarmu. Ban ga laifin mai tafiya ba. Sai dai ƙirgen minti guda cur, sau gado ashirin, sau shida a yini, lissafi ne da na iya, kuma mutum biyu ba sa fitar da shi.

Asabar

An sallame mu. 140 bisa 90.

A gida na zazzage ledar magunguna a tabarma. Akwai wanda muka karɓa a asibiti, akwai wanda mijinta ya sayo a wani kanti kusa da Kasuwar IBB don kada ya yanke. Kwali biyu, launi daban, suna daban. Inna ta ce ɗaya na safe ɗaya na dare ke nan, ko a haɗa. Na sa tabarau na karanta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin babban suna. Nifedifin, miligiram 20. Ɗayan ma haka. Na ɗaure guda da kyauro na jefa a akwatina.

Na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sai ga maƙwabciya da kwalbar ruwan magani, wai na ciwon cikin jarirai, a ɗiga masa ya yi barci. Na tuna My Pikin, maganin haƙoran da ya kashe yara 84 a ƙasar nan tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, saboda wani sinadari mai lalata ƙoda da ya shiga haɗinsa. Na yi mata godiya, na ɗora a saman kwaba inda hannu ba ya kai.

Na ja layi a sabon shafi: rana, lokaci, ƙwaya, awo. Na aro abin awon jini na batir wajen shugabar makarantarmu.

Lahadi, dare

Jibi suna. An kawo rago, yana ta kuka a zaure. Inna ta yi wankan jego da ruwan da ta gwada da gwiwar hannunta, tana cewa wannan ai wankan yara ne. Amma da na cire abin awo daga hannun ƙanwata, ita ta fara tambaya, "Nawa?" 138 bisa 88. Ta ce in rubuta.

Wajen sha ɗaya na tsinci kaina tsaye a kan jariri, waya a hannu, ina ƙirga masa numfashi. 46. Na sake, 48. Gabana ya faɗi. Na kira lambar da Sistar dare ta rubuta mini a bangon wannan littafi, ina ba ta haƙurin tashinta. Ta ce ba barci take ba, tana bakin aiki. Ta tambaya ko yana kama nono, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ko jikinsa da zafi. Na ce yana kamawa, ba ya lotsawa, babu zafi.

"Anti, na jariri daga 30 zuwa 60 ne. Je ki kwanta."

Ta kashe kafin in yi godiya. Na ji ana kiranta daga can cikin ɗaki.